Kada Ka Kwashe Ɓaraguzan: Jagorar Gyaran Gida da Tarkace a Sakkwato

Cikin markar bara, da tsakar dare bayan wani ruwa mai iska, katangar gabas ta gidan mahaifiyata ta kwanta. Ba mu ji wata ƙara ba, ƙasa ce kawai ta amsa, awaki suka ɗauki kuka. Da gari ya waye na tsaya kan tulin jar ƙasa da guntayen bulo ina lissafin kuɗin tifar da za ta kwashe su. Ina cikin haka sai ga tsohon maginin unguwarmu zai wuce gaisuwa. Ya tsaya, ya sa sanda ya tona gindin ɓangaren da ya saura a tsaye, ya ɗebo ƙasar ya murza a tafin hannu.

Na ce, "Baba, nawa kake ganin za a kwashe mana wannan?"

Ya ce, "Kwashewa zuwa ina, ɗana? Ka biya a kwashe, ka koma ka biya a kawo maka wata? Ai wagga ƙasa ita ag ginin. Kuma wanga bango ba daga bisa yaf fara ciwo ba, daga ƙasa na."

Dalilin da ya sa na kasa kunne ba ɓoyayye ba ne. Tun 1967 ake yin siminti a Kalambaina, nan bayan gari, amma a farkon 2024 buhu mai kilo 50 ya haura Naira 10,000 a nan kamar sauran sassan ƙasar. Ga kwatocinmu cike da ledar fiya wata da gororin roba, ga ɓuntun shinkafa tuli-tuli bayan injina yana cin wuta a banza. Sai dai gara in faɗa tun yanzu: tarkace ba ko'ina yake zama ba, kowane iri da muhallinsa. Ginshiƙi, da dogon lintal, da dekin, da bene, waɗannan aikin injiniya ne mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, kuma da sabon kaya. Maganarmu ta katanga ce, da ɗakin ƙasa marar bene, da daɓe, da dakali, da tsakar gida.

Nemo abin da ya kayar da bangon

Kafin ka taɓa shebur, zagaya gidan a tsanake. Ruwa ne ajalin gini a ƙasarmu, kuma ta hanya uku yake shiga. Ta sama, in indararo ya toshe ko rawanin soro ya tsage. Ta gefe, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran tsufa. Sai ta ƙasa, wadda ta fi kowace illa don ba a lura da ita: ruwan da ke kwanciya a gindin bango, da na makwararar wanka, da wanda ke zubowa daga kwano yana fallatsa.

Duƙa ka duba daga ƙasa zuwa gwiwa. In ka ga farin gari kamar kanwa, ƙasar tana marmashewa da ka taɓa, to danshi ne ke hawa yana ɗauko gishirin ƙasa. In gindin ya zaizaye har bangon ya fi kauri a sama, ya kusa. Mu abin da ya ci mu, maƙwabci ne ya yi ciko ya ɗaga ƙofar gidansa, ruwan layi duk ya dawo yana kwana a gindin katangarmu, damina biyu ba wanda ya kula.

Tsaga iri-iri ce. Siririya da ke kan yaɓe kawai ba abin tada hankali ba ce. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda ta fi buɗewa a sama, tana nuna harsashi ne ke nutsewa. Shafa ɗan kwaɓin siminti ya haye tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe. In bayan mako biyu shafin ya tsage, bangon yana tafiya ke nan. Ka kuma ɗaura dutse a zare ka sako daga saman bangon ka ga ko ya karkata. Bangon da ya karkata ba a yi masa faci. A fitar da masu kwana a ɗakin, a sauke shi da hannu daga sama.

Wanda gidansa ke kusa da fadamar Rima yana da ƙarin tambaya guda. Duk wanda ya ga ambaliyar Satumba 2010, wadda ta yanke hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san inda ruwa ke iya kaiwa. Tambayi dattawan layin inda ya tsaya a jikin bango, ka sa alama. Ginin ƙasa ba zai fara ba sai sama da wannan alama.

Tsince tulin

Wannan aikin yini ɗaya ne na mutum biyu da baro. Ƙasar gini gefe guda. Guntayen kankare da duwatsu gefe guda, guntayen bulo kuma daban, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Azara da katako da kwano da ƙyaure a jingine su a inuwa. Ƙwanƙwasa kowace azara: mai ƙara tsaf lafiyarta lau, mai amsawa kamar ganga gara ta gama da cikinta, ta zama makamashi. Rodin da tsatsa ta ci har yana ɓarewa a sayar wa 'yan gwangwan, kuɗin ya sayo waya da ƙusa.

Akwai abin da ba ya komawa cikin gini ko kyauta ne. Ƙasar gindi mai farin gishirin nan, in ka mayar da ita ka mayar da ciwon. Haka ƙasar da ke kusa da masai. Sannan tsohon rufi ko silin na asbesto, mai launin toka: kada a fasa, kada a daka, kada a yanka. Ƙurarsa na zama a huhu ta jawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa. A jiƙa shi da ruwa, a ɗauke shi ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri a nesanta shi da yara.

Gindi: nan kuɗin simintinka zai tafi

In buhu biyar kawai za ka iya saya, huɗu su tafi gindi. Haƙa har ka tarar da ƙasa mai tauri wadda diga ke tsalle a kanta, kada zurfin ya gaza santimita 60, faɗin kuma ninki biyu zuwa uku na kaurin bangon. Ka share ƙasan ramin ya yi daidai, ka yayyafa ruwa, ka daddaka.

Yanzu ɓaraguzai. Guntayen bulo ba su da ƙarfin da za su zama tsakuwa, don galibin bulon kasuwa yashi ya fi yawa a ciki. Wurinsu ciko: a farfasa su kamar dunƙulen hannu, a shimfiɗa ƙarƙashin daɓe, kaurin da bai wuce santimita 15 ba a kowane zubi, a cike ramukan da yashi, a jiƙa, a daddaka, sannan a ƙara wani. Guntayen kankare kuwa su ne dukiyar. A fasa su da guduma su koma kamar goro, santimita 2 zuwa 4, a tankaɗe ƙurar da rariyar waya. Ga abin da leburori suka cika mantawa: tsohon kankare ƙishirwa gare shi. In ka zuba shi a bushe sai ya shanye ruwan kwaɓin, simintin ya rasa abin da zai kama da shi. A jiƙa tulin tun daren jiya, da safe a bar shi ya tsane.

Awon kwaɓin harsashi da daɓe shi ne ɗaya, uku, shida. Buhun siminti kwanon gini biyu ne, don haka buhu ɗaya zai ci kwano 6 na yashi da kwano 12 na fasasshen kankare. Ka tsaya a kai da kanka. Na ga lebura yana ƙara ruwa don shebur ya yi masa sauƙi, kwaɓin ya koma kamar kunu, kuma yawan ruwa ne ke kashe ƙarfin kankare.

A kan harsashin sai a ɗora bulo mai kyau ko dutse har ya kai gwiwa sama da ƙasar layi. Daga nan a shimfiɗa abin da zai tare danshi kafin a ɗora ƙasa. Leda mai kauri tana yi. Mu tsofaffin banonin yaƙin neman zaɓe muka samu, irin masu kaurin tamfol, muka yanka daidai faɗin bango, duk inda biyu suka haɗu muka ɗora ɗaya kan ɗaya da faɗin tafin hannu biyu. Baba ya ce bai taɓa ganin alkawarin ɗan siyasa ya yi amfani irin na ranar ba. A ƙarshe a zagaye gindin da ɗan dakali mai gangare zuwa waje, yadda ko buta aka zubar ruwan zai gudu daga bango.

Tsohuwar ƙasa

Da tsohuwar zuma ake magani. Ƙasar da ta yi shekara hamsin a bango ba ta mutu ba, matuƙar ba a gasa ta ba kuma ba a sa mata siminti ba. Da ta sha ruwa za ta sake kamawa. Abin da ta rasa shi ne ciyawar da ke ɗaure ta, wani lokaci kuma ruwa ya wanke mata laka.

A farfasa ta, a tsince tsingaro da leda, sannan a gwada. Nemi gorar roba mai haske, ka zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku, ka cika da ruwa, ka sa ɗan gishiri, ka girgiza sosai ka ajiye. Yashi zai kwanta nan take, mai laushi ya biyo baya, laka ce ke zama a sama bayan kwana ɗaya. Ana son yashi ya kai rabi zuwa kashi uku cikin huɗu, laka kuma kamar kashi ɗaya cikin biyar. Gwajin hannu ya fi sauri: murza kwaɓaɓɓiyar ƙasa ta yi kaurin babban yatsa, ka riƙa turo ta daga bakin tebur. In ta katse kafin santimita 5, yashi ya yi yawa, a ƙara jar ƙasa mai danƙo. In ta wuce santimita 15 ba ta katse ba, laka ta yi yawa, za ta tsattsage, a ƙara yashi.

Daga nan hanya ta rabu biyu.

Ta gargajiya ita ce a tara ƙasar a yi mata rami a tsakiya, a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko ɓuntu, da kashin doki ko na jaki in akwai, a shiga da ƙafa a tattake. A rufe a bar ta ta tsima kwana uku ko huɗu, a sake ba ta ruwa a sake takawa. Baba sai da ya sa aka yi haka sau uku. Da na yi ƙorafin lokaci sai ya ce gaggawar da aka yi wa bangon farko ce muke biya yanzu. Kafin a buga da yawa, yi tubali uku-uku da awo daban-daban, ka shanya, ka saki kowanne daga tsayin ƙugu. Wanda bai tsage wajen bushewa ba kuma bai tarwatse ba, awonsa za a bi. Tubali na son kamar mako biyu yana shan iska ana juya shi. Wajen ɗorawa kada a wuce layi uku ko huɗu a yini, don na ƙasa ya samu ya daskare. Inda sabon gini zai haɗu da tsoho, kada a yanke tsohon a miƙe. A sassare shi kamar matakala, a jiƙa, a saƙa sabon a ciki. Haɗin da aka yi a miƙe nan zai buɗe a daminar farko, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hanya ta biyu ita ce bulon ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa ɗan siminti. Injin hannu na farko da ya yi suna, CINVA-Ram, a ƙasar Kolombiya aka ƙirƙiro shi a shekarun 1950, kuma cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, tana ƙera nata irin. Awon shi ne kwanon siminti ɗaya ga kwano 16 zuwa 20 na tankaɗaɗɗiyar ƙasa, ba ciyawa. A gauraya a bushe har launin ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Dunƙula ka saki daga tsayin ƙirji: in ya fashe gida huɗu zuwa shida ruwan ya yi daidai, in ya baje kamar gari ya yi kaɗan, in ya lafe bai fashe ba ya yi yawa. Duk abin da aka kwaɓa a buge shi cikin awa ɗaya. A jera bulon a lulluɓe da leda ana yayyafa ruwa aƙalla mako biyu, ƙarfinsa kuma sai kwana 28 yake cika. Wanda ya shanya shi a ranar Sakkwato kai tsaye ya yi asarar simintinsa.

Tokar ɓuntu

Daga Wurno zuwa Goronyo zuwa Silame, duk inda ake casar shinkafa akwai ɓuntu. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne, in an ƙona shi kuma kusan kashi 20 ke saura toka. Yawancin wannan toka, sama da kashi 80, sinadarin silika ne. Shi siminti in ya sha ruwa yana sakin wani ruwan farar ƙasa da ba ya ƙara masa ƙarfi. Silikar tokar ce ke kama wannan ta mayar da shi abin ɗauri, ta kuma toshe ƙananan ƙofofin da danshi ke bi.

Sirrin yana wajen ƙonawa. Ana son wuta mai ci a hankali da ba ta wuce digiri 700 ba. Nemi durom ka huhhuda gindinsa da gefensa, ka tsayar da naɗaɗɗiyar wayar raga a tsakiya kamar bututu don iska ta ratsa, ka cika gefen da busasshen ɓuntu, ka kunna daga ƙasan bututun. Kada a yi fifita. A bar shi yini da kwana ya cinye kansa, ya huce a wurin. Launi ne zai gaya maka sakamako. Fara ko mai ruwan toka ita ake nema. Baƙa ba ta gama ƙonewa ba, gawayi ne, zai sha ruwa ya raunana kwaɓi. Wadda ta yi ja-ja tana ƙarau kamar yashi wuta ta yi mata yawa, ba za ta kama ba.

Sai niƙa. Dole ta yi laushi kamar simintin kansa in ka murza tsakanin yatsu. A daka a turmin da aka daina abinci da shi, a tankaɗe da ƙyalle mai laushi. Mai wannan aiki ya sa takunkumi na gaske, ba rawani a hanci ba, don ƙurar silika na lahanta huhu.

Ga buhun siminti ɗaya a zuba kilo 5 zuwa 8 na toka, a gauraya su a bushe tukuna, sannan a ƙara yashi da tsakuwa gwargwadon ƙarin. Da sikeli ake auna ta, ba da kwano ba, don ba ta da nauyi. Kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin ɗaurin gaba ɗaya. Tana jinkirin kamawa, saboda haka a yi ta ba kwaɓin ruwa har mako biyu. Wurinta daɓe, da bulon katanga, da kwaɓin ɗora bulo.

Amma yi lissafi kafin ka ɗauko durom. Kafin ka samu tokar da ta kai nauyin buhu ɗaya sai ka ƙona ɓuntu kilo 250, kuma ɓuntu kaya ne mai cika wuri. A ganina wannan na wanda ke kusa da injin casa ne, ko mutanen layi da suka haɗa kai. Mai facin ɗaki ɗaya a tsakiyar birni, kuɗin ɗauko ɓuntun zai cinye ribar.

Yaɓe

Kowa ya taɓa ganin bangon ƙasa da aka yi wa filastar siminti ta kumbura ta ɓallo fale-fale. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, tana motsi da zafi da sanyi. Siminti ba ya bin ta, kuma yana kulle danshin a ciki har bangon ya ruɓe a ɓoye.

Magabata sun san wannan, kuma abin da suka yi amfani da shi shara ce tsagwaronta. Laso, simintin Hausawa, da katsi ake yin sa, wato dattin da ke kwanciya a ƙasan rijiyar marina, a busar a ƙona a daka, a haɗa da gashin jima daga majema da ruwan dafara. Da shi ake shafe rufin soro da rijiyoyin rini. Katsi ya yi wuya yanzu da marina suka ragu, amma garin da ya yi suna da jar akuya da jima ba zai rasa gashi ba. A wanke shi a busar, a warware shi kada ya dunƙule, a watsa cikin hannu ɗaya a kowane kwanon ƙasar yaɓe. Shi ke hana tsagewa. Makuba kuma ɓawon ɗorawa ne da ake jiƙawa ko a tafasa har ruwan ya yi ja-ja. Da wannan ruwa ake kwaɓa shafin ƙarshe, a kuma yayyafa bayan ya sha iska.

A kankare tsohon yaɓen da ya saki, a jiƙa bangon, a yi shafi biyu marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri, na farko a karce shi don na biyu ya samu abin kamawa. In dole sai an yi wa bangon gabas siminti, a kafa wayar kaji da dogayen ƙusoshi, ko a soka tsingaro a jikin ɗanyen yaɓe su leƙo, sannan kwaɓin ya zama marar ƙarfi, ɗaya ga takwas. Farin dattin kabaid da masu waldar gas ke zubarwa farar ƙasa ce. A bar shi a ruwa a fili har warin ya fita, a tace, ya isa farin shafe. Yana cin hannu da ido, a kiyaye.

Gora, leda da taya

A 2011 ƙungiyar DARE ta gina gida da gororin roba a Sabon Yelwa ta jihar Kaduna, da dabarar wani Bajamushe, Andreas Froese. Ana cika gora da busasshen yashi, ana zubawa ana daddakawa da sanda har ta ƙi lotsawa in an taka, a rufe. A jera su a kwance kamar bulo a kan harsashi, bakunansu na kallon gefe ɗaya, kwaɓin ƙasa a tsakani, a ɗaure wuyan kowace da igiyar roba a saƙa da na kusa da ita. A sa ginshiƙi a kusurwoyi da kowace mita uku, a ƙarshe a yaɓe duka, don rana na cinye roba. Kowace murabba'in mita za ta ci gora kamar 80 in masu lita ɗaya da rabi ne. Ga kuma masu zoɓo da kunun aya suna sayen gorar, ba kyauta take ba. Ni dai iyakata da ita zagayen makewayi, da akurki, da benci.

Ledar fiya wata ta fi ba da abin kirki: dutsen shimfiɗa, wato intalok, ba siminti ko cokali. A Nairobi ta Kenya Nzambi Matee ta kafa kamfani a kan irin wannan, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama ta a 2020. Sai dai aikin akwai haɗari, ba na tsakar gida ba ne.

Fara da tantancewa. Ledar fiya wata da farar ledar naɗe kaya, masu lamba 4 a cikin alamar kusurwa uku, su ke narkewa da wuri, wajen digiri 110. Gorar ruwa mai lamba 1 sai ta kai wajen 250, ba ta shiga. Mai lamba 3, irin bututun famfo da rigar wayar lantarki da banar nan da muka shimfiɗa a gindi, ko kusa da wuta kada ta je, hayaƙinta guba ne. A farke ledar, a wanke, a shanya ta bushe ƙarau, don ɗigon ruwa a cikin narkakkiyar roba fallatsa yake. Yashi ma a tankaɗe a soya shi ya yi zafi. Awo da sikeli: kilo ɗaya na leda ga kilo uku na yashi.

A ɗora rabin durom a wuta marar ƙarfi, a bayan gari, mai juyawa ya ba iska baya, da takunkumi mai matatar hayaƙi, da safar hannu ta fata, da rufaffen takalmi. A riƙa jefa ledar kaɗan-kaɗan ana juyawa da dogon ƙarfe. Narkewa ake so, ba ƙonewa ba. Da ka ga hayaƙi ya yi kauri, janye itace. In ta kama da wuta a kifa murfi ko a zuba yashi, kada a kuskura a watsa ruwa. Da ta zama baƙin danƙo sai a zuba yashin a hankali har kowace ƙwaya ta shafu, a kwashe cikin ma'aunin ƙarfe da aka shafa wa mai, a danne da ƙarfi, a bari ya huce a fitar. Dutse mai santimita 20 da 10 da kaurin 6 yana cin leda kamar rabin kilo, kuma guda 50 ke rufe murabba'in mita. Ka ga ledar da ake bukata ba ta wasa ba ce. Kafin ka yi da yawa, ajiye guda biyu a rana tsaka cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ɗora musu nauyi ka ga ko za su lotsa. Ba ya shan ruwa, shi ya sa ya dace da bakin rijiya da hanyar makewayi. Kada a sa shi a madafa, kada a ɗora masa rufi.

Tsohuwar taya aikinta tare zaizaya. A jera a gangare, a cika kowace da ƙasa a daddaka har cikin kumatunta, layi na biyu ya hau tsakanin biyu na ƙasa yana ɗan ja baya. Duk wadda aka bari da rami ta zama gidan sauro.

Rufi da lokaci

Tsohon kwano a miƙe shi da guduma a kan katako, a toshe ramukan ƙusa da kwalta, a ɗora wanda ya fi lafiya a gabas. A bar bakin rufin ya zarce bango da kamar rabin mita. Kan katanga kuma a yi masa hula, ko da guntayen kwano ne ko layin bulo ɗaya mai gangare. Baƙin man inji da ake shafa wa katako don gara, a bar shi a waje, ba a ɗakin kwana ba, ba kusa da rijiya ba. In sabon ɗaki za a tayar daga tushe, a fara leƙa hukumar tsara birane ta jiha.

Aikin ƙasa daga ƙarshen Oktoba ake fara shi, a gama kafin bazara ta tsananta. Iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya kama, saboda haka a zuba kankare da sassafe ko da la'asar, a lulluɓe da tsofaffin buhuna jiƙaƙƙu, a ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai.

Ranar da aka yi ruwan farko kada ka zauna a ɗaki. Ɗauki tocila ka zagaya ana cikin yi, ka ga inda ruwa ke tsayawa da inda yake dukan bango. Mu a nan muka gane indararon ɗakin Inna gajere ne, yana zuba daidai kan sabon dakalin yana fallatsa wa yaɓe. Da safe muka tsaga wani guntun bututu muka ƙara masa tsawon kamu ɗaya, muka tara ragowar fasasshen kankare a inda ruwan ke sauka.